Yatsan da Ba na Yaya Ba

Ni dai ban taɓa kawo lauya a raina ba ranar da muka yanke shawarar sayar da gidan mahaifinmu na Illo, can bakin iyakar Benin. A saninmu, in za a sayar da gida, sai a kira mai unguwa da dattawa biyu ko uku, a zaga a nuna iyaka, a yi addu'a, a raba goro, shi ke nan. Haka mahaifinmu ya sayi filin, haka kowa ke yi. To amma mai sayen namu ɗan kasuwa ne da ke son ya rushe gidan ya gina sito na albasa da shinkafa, ya ce shi ba zai zuba siminti a kan shaidar goro ba, sai da takardar lauya. Ya ɗauki nasa lauyan, ya ce mu ma mu nemi namu.

Mu uku ne magada. Akwai babban wanmu, wanda kowa ke ce wa Alhaji, yana sayar da taki a Birnin Kebbi. Sai Yaya da ke bi masa, wadda aka kai aure ƙetare, wani ƙauye cikin ƙasar Benin, tun ina ƙarami. Sai ni auta, shugaban wata makarantar firamare a Bagudo. Mijin Yaya ya rasu shekara biyu kafin wannan magana. Mun je ta'aziyya, mun kwana ɗaya, mun dawo, kuma tun daga nan ban sake taka garin ba. Gidanmu na Illo kuwa tun rasuwar mahaifiyarmu yake kulle. Kowace damina sai wani bango ya zube, awakin maƙwabta sun mayar da zauren nasu.

Da Alhaji ya kawo zancen sayarwa ban yi gardama ba. Na dai tambaye shi Yaya fa? Ya ce, "Macen da ke cikin dangin miji, a wata ƙasa ma, mi za ta yi da kango? In an sayar a aika mata nata." Na ce haka ne. Wallahi ko ɗar ban ji ba, don haka na buɗe ido na ga ana yi: maza su yanke, daga baya a sanar da mata.

Lauyar da na samo ɗalibata ce. Ni na koya mata riƙe fensir, ni na sha korar ta gida saboda rashin takalmi. Ta yi karatu ta dawo ta buɗe ɗan ofis a Bagudo, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Na zaɓe ta ne da tunanin aikin zai zo da sauƙi: in shiga, ta rusuna ta gaishe ni, ta buga hatimi, in fito. Rusunawar kam ta yi, har ƙasa. Daga nan ta zauna bayan tebur ta zama wata daban.

Ta nemi 'yar takardar shaida da mai unguwa ya ba mahaifinmu lokacin da ya sayi filin. Ta nemi takardar gado ta kotu mai ɗauke da sunayen magada. Ta nemi katin shaidata, ni! Na ce, "Barista, yau kuma ba ki san ni ba?" Ta ce, "Na san ka, Malam, fayil ɗin ne bai san ka ba." Ta tashi takanas ta je Illo da ƙafarta, ta zaga gidan, ta tambayi mai unguwa da maƙwabta ko an taɓa sayar da shi ko akwai rigima a kansa. Duk wannan na haɗiye, ina cewa a raina sabon shiga ne, ɗoki ke ɗibar ta.

Ranar da ta gama rubuta takardar cinikin ta miƙo min kwafi in kai wa Alhaji ya duba. A shafin ƙarshe akwai gurbi uku na sa hannu. Ta ɗora biro a kan na tsakiya ta ce, "Wannan na yayarku ne. Sai ta zo nan, in gan ta, in karanta mata."

Na ce mata Yaya ba ta yi boko ba, kuma mu ne 'yan'uwanta maza, mu ke magana da yawunta. Ta ce rashin bokon ne ma ya sa dole a karanta mata, cikin harshen da take ji, sannan wanda ya karanta ya rubuta sunansa a ƙasa ya shaida cewa ta fahimta kafin ta dangwala yatsa. Ta ce, "Gidan nan ba naku ba ne ku biyu, Malam. Kasonta rabin na namiji ne, amma kaso ne, kuma ba a sayar da abin mutum sai da bakinsa."

Na fito raina a ɓace. Da yamma na kira Alhaji na gaya masa. Ya yi tsaki mai tsawo ya ce, "Kai ma dai da neman wahala kake. Yatsa ba yatsa ba ne? Wa zai bi shi ya auna? Ka sa mai ɗakinka ta dangwala, gobe ka mayar mata."

Abin kunya ne, amma sai na faɗa tunda na ɗauko. Na yi. Na ɗauko tawadar hatimin makaranta daga jakata, na kira matata, na ce ta kawo babban yatsanta. Ta tambaye ni na mene ne, na ce takardar aiki ce. Ta dangwala ta koma wurin tukunyarta tana goge hannu a zani.

Washegari da hantsi na ajiye takardar a gaban Barista ina wani hura hanci. Ta duba shafin ƙarshe ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Malam, jiya da la'asar ka bar nan. An kwana ana ruwa. Yaushe ka ƙetare Benin ka dawo?"

Na ce wani direba na ba.

Ta ce, "Wa ya karanta mata?"

Na ce direban.

Ta ce, "Da wannan tawadar aka buga min sakamakon jarrabawa shekara shida. Malam, don Allah, yatsan wa ne?"

Kai, ranar na ga ikon Allah! Kunya da fushi suka haɗu min, kuma fushin na bari ya fito don ya fi sauƙi. Na buga tebur. Na ce ni na ɗauke ta aiki, ba Yaya ba, ba mai saye ba, kuma in ba don ni ba da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Na ce an yi ɗan kwikwiyon da ya girma ya ciji mai shi. Babu abin da ban faɗa ba. Ta bar ni har na gaji.

Ta ce, "Lauyarka ce ni, shi ya sa na rufe ƙofa. Abin da ya faru a ɗakin nan ba zai fita daga bakina ba, wannan haƙƙinka ne a kaina. Amma ba zan sa sunana in ce na karanta wa matar da ban taɓa gani ba, kuma ba zan miƙa wa lauyan mai saye takardar da na san ƙarya ce ba. Wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kai da Alhaji da mai yatsan, wadda na tabbata ba ta san abin da ta taɓa ba. Ko bayan shekara ashirin yayarku ko 'ya'yanta suka tashi, cinikin ya rushe. Ko dai ka kawo ta, ko in mayar maka da takardunka ka nemi wani."

Ambaton mai yatsan, wato matata, shi ya kashe min jiki. Ban taɓa tunanin na jefa ta cikin wani abu ba, ita da ta bar miya a wuta ta zo don na kira ta. Na ɗauki takardar na yayyaga da hannuna, na fita ko sallama ban yi ba.

Alhaji ya so mu canja lauya. Amma lauyan mai saye ya riga ya ga takardar gadon, ya san mu uku ne, kuma ya ce shi ma sai ya ga Yaya ido da ido. Hanya ta ƙare. Alhaji ya ce, "To je ka ɗauko ta, ta dangwala, ka mayar da ita. Kada ka tsaya dogon bayani, mata ba su gane irin wagga magana."

Ranar kasuwa na bi motar 'yan albasa daga Illo, muka ƙetare iyaka, sauran tafiyar na ƙarasa a kabu-kabu. Ina isa ƙofar gidan wata mata ta ruga ciki tana cewa da Dandanci, yaren garin, ɗan'uwan Yaya ya zo. Na yi sallama na shiga, na nufi ɗakin da na san ta a ciki, sai aka ce ba nan ba. Aka nuna min wani ɗan ɗaki a bayan rumbu, inda a da ake ajiye dusa. Ashe bayan ta fita takaba 'yan'uwan mijin sun raba gidan, wani ƙanensa ya sa amarya a ɗakinta. 'Ya'yanta biyu mata ne, duk suna gidajen aure a nesa. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta zauna.

Ta fito tana gyara mayafi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tana ganina ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Na ce ba su mance da ni ba. Ashe saƙon ya kai!"

Na ce wane saƙo?

Ta ce wanda ta aika wa Alhaji, sau uku, ta bakin wani direba, na ƙarshen ma har da waya aka haɗa su ya ji muryarta. Ta gaya masa zaman nan ya ƙare mata, tana son ta dawo gida ta zauna a ɗakin Inna, wato mahaifiyarmu, ko da rufin rabi ne. Ya ce mata ta yi haƙuri, ana gyaran gidan, in an gama za a aiko a ɗauke ta. Tun kaka take jira. Ta ja ni cikin ɗakin ta nuna min kayanta a ɗaure: akwatin ƙarfe, ƙullin kwanoni, tabarma a naɗe, turmi. Ta ce, "Tukunya ɗaya na bari a waje da nake dafa abinci. Kullum na ji ƙarar babur sai in leƙa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi wuri na zauna a kan akwatin. Wato duk lokacin da Alhaji ke ce min mi za ta yi da kango, ya san tana can ta ɗaure kaya. Ya sani sarai! Ni kuma na bi shi kamar raƙumi da akala, har da shafa wa matata tawada.

Nan ne ya kamata in buɗe baki in gaya mata gaskiya. Ban yi ba. Tana ta murna, tana shiga ɗaki-ɗaki tana sallama da matan gidan, tana yafe musu suna yafe mata, ta raba musu kajinta uku. Ta yaya zan tsayar da ita a tsakar gidan mutane in ce ba gida na zo kai ki ba, yatsanki na zo nema? Na ce a raina in mun hau hanya zan faɗa. A hanya na ce in mun isa Illo. Da hannuna na ɗora turminta a bayan a-kori-kurar da na yi mana shata, na ɗaure shi da igiya.

Mun isa Illo da la'asar sakaliya. Na buɗe mata gidan. Ta tsaya ta dubi bangon da ya zube da kashin awaki, ta ce, "Wanga shi ne gyaran?" Sai ta yi dariya ta ce ba komai, mai gida ta dawo. Kafin magariba ta ari tsintsiya a maƙwabta ta share ɗakin Inna fes, ta shimfiɗa tabarmarta. Na ce mata gobe za mu je Bagudo, akwai wata takarda ta gidan da ake son ta sa hannu. Ta ce to, Allah ya kai mu. Ko tambayar ta mece ce ba ta yi ba.

Washegari muka taru a ofishin: ni, Yaya, Alhaji da ya iso da safe, da lauyan mai saye a gefe da jakarsa a cinya. Barista ta ba Yaya kujerar da ta fi kyau, ta gaishe ta a ladabce, ta duba katinta. Sannan ta ce, "Inna, kafin komai ki san ni lauyar Alhaji da Malam ce, su suka ɗauke ni. Ba ki ɗauke ni ba tukuna. Zan karanta miki abin da ke cikin takardar nan da Hausa, duk inda ba ki gane ba ki tsayar da ni. Ba dole ki dangwala yau ba, ba dole ki dangwala ba ma sam. Kina da damar ki je ki yi shawara da wanda kika yarda da shi."

Alhaji ya ce, "Barista, a taƙaita, muna da abin yi."

Ta ce, "Ba a taƙaita wannan, Alhaji."

Ta fara da sunayenmu, sannan ta shiga kwatancen gidan: gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da hanya, kudu da gidan maƙeri. Yaya na gyaɗa kai tana murmushi, har ta gyara mata, ta ce kudun ba gidan maƙeri ba ne kai tsaye, akwai ɗan lungu a tsakani da Baba ya bari don ruwa ya riƙa wucewa. Barista ta gode mata ta rubuta. Ni kuwa ina kallon ƙasa ina jiran kalmar.

Ta zo. "Mu magada uku mun yarda mun sayar da wannan gida, sayarwa ta har abada, za mu miƙa shi babu kowa a ciki."

Yaya ta ce, "Tsaya, ɗiyata. Sake faɗi."

Ta sake, a hankali.

Yaya ba ta dubi Alhaji ba. Ni ta juyo ta duba. Ta ce, "Auta, jiya da kake ɗaure min turmi a mota, ka san da wagga magana?"

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ta ce, "Da nake sharar ɗakin Inna kana tsaye, ka sani?"

Na ce na sani.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Alhaji ya shiga zuba: ai don amfanin kowa ne, ai za a ba ta nata ta kama haya, ai shi ne babba, ai tun da yake bai taɓa ganin an tsaya jiran mace a cinikin gida ba. Ta bar shi ya gama, ta juya wurin Barista ta ce, "In na ce ban yarda ba, mi zai faru?"

Barista ta ce, "Wannan cinikin ba zai yiwu ba. In 'yan'uwanki na son rabuwa da nasu kason, sai a je kotu a raba, a fitar miki da naki. Amma ba wanda zai sayar da naki kina zaune."

Yaya ta ce, "Ko su biyu sun haɗa kai?"

"Ko su goma ne."

Ta juya maganar a ranta, da alama tun da aka haife ta ba a taɓa gaya mata irinta ba. Sannan ta ja hannunta ta mayar cikin mayafi ta ce, "To ban yarda ba."

Barista ta rufe fayil. Lauyan mai saye ya tashi ya yi mana sallama. Alhaji ya miƙe yana nuna ni da ɗan yatsa, wai ni na kawo wannan 'yar iya-yin ta raba masa zumunci.

An je kotu daga baya. Alƙali ya fitar mata da ɗakin Inna da ɗan fili gabansa da hanyar fita. Ni na bar mata nawa kason tana shuka kuɓewa da yakuwa a ciki. Na Alhaji yana nan kango, don ba mai gina sito a guntun fili, kuma har yau gaisuwarmu da shi ba ta wuce ta sallah. Na sa an gyara mata rufi da bango. Barista kuwa na je har ofishinta na ba ta haƙuri, ta rusuna ta ce ba komai, Malam, abin da ya ƙara min nauyi.

Yaya tana Illo yanzu. Kowace Juma'a nakan je, ta tarbe ni da fara'a, ta dama min fura, mu yi hira. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, har na ɗauka komai ya wuce. Kwanaki ta yi fama da hawan jini, na kai ta asibiti, na sayo magunguna, na zauna na karanta mata takardar likita dalla-dalla: wannan da safe, wannan bayan abinci. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Na fita har na tayar da babur, sai na tuna na bar tabarauna a kan tabarma. Na koma, ban same ta a ɗaki ba. Na hango ta a bakin katanga da takardar a hannu, tana miƙa wa maƙwabciyarta, wata malamar asibiti, tana cewa, "Duba min wannan, ki gaya min abin da aka rubuta da gaske."

Na ɗauki tabarauna na fita a hankali don kada ta gan ni ta ji kunya.